Yasar Rijiyar Mani

Zuwa ga Yaya Alu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rashida da yara. Yaya zaman Katsina? Mu nan sai godiya.

Yaya, bazara ta yi nisa, har yau ba a yashe rijiya ba. Laka guga yake kwasowa. Ka fi ni sanin al'ada: tun da kakanmu Mani ya haƙa ta a gindin dutse, gari ya taru a kanta ya ɗauki sunanta, ba mai fara shiga yasa sai namiji daga gidanmu. Na ce wa Mai Unguwa wannan ba aya ba ce ba hadisi ba, a samo duk mai ƙarfi ya shiga. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

To ina ma masu ƙarfin? Tun da mutanen daji suka matsa mana kuka watse, wasu Batsari, wasu Safana, ku Katsina. Rafi kuma yana bakin daji, ba mai aiken 'yarsa can. Yanzu Baba ya ce in ba ka zo ba, shi zai shiga. Mutumin da buta ma sai na ɗaukar masa!

In ce ka zo, ka san halin da hanyar Wagini take ciki. In ce kada ka zo, ga Baba. Wallahi na rasa wanne zan roƙe ka.

Ƙanwarka,
Hansatu

Zuwa ga Yaya Alu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan jikin ƙaramin yaronku ya yi sauƙi. Na ji Rashida ta ɓoye makullin babur ɗinka. Kada ka yi mata faɗa, ko ni ce haka zan yi.

Baba ya shiga ranar Laraba. Ka tuna yadda ranar yasa take a da? Ganga, samari a kan igiya, Fulanin gabas da ƙoren fura, mu mata muna dambu muna yi muku tsiya. Bana tsofaffi ne da mu mata muka riƙe igiya. Abin da ya tsorata ni, Yaya, ba nauyinsa ba ne, rashin nauyinsa ne.

Ya turo laka kwando kaɗan, sai igiya ta girgiza. Muka jawo shi, laka har ƙirji. Da ya samu numfashi ya ce idon ruwan yana nan da ransa, ya ji sanyinsa a tafin ƙafa, amma tone shi aikin samari ne. Sai ya fashe da kuka a gaban jama'a. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar rasuwar Inna.

Shi da bakinsa ya ce wa Mai Unguwa a rufe rijiyar, kada rairayi ya cike ta kafin a dawo. Ba wanda ya tambaye shi yaushe. Jiya suka jera itace a bakinta, suka yaɓa ƙasa, kamar yadda ake rufe mutum. Ba wanda ya ce a yi addu'a, amma na duba na ga kowa ya ɗaga hannu.

Ka nema mana ɗaki, ko ɗaya ne. Za mu biyo motar ranar kasuwa in Allah ya kai mu. Baba yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Hansatu