Likkafanin Inna Ya Tsaya a Bahiya

Hindawiyya, Makka
Rajab, 1385

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata ciwon ƙafar ya yi sauƙi. A gaishe mini da Yaya Rakiya da yaranta. Ni lafiya lau nake, barci ne kawai ke yi mini gardama.

Maigidana, Balaraben nan mai fataucin gahawa, ya tafi da ni Barazil a jirgin ruwa don in riƙe masa kaya. Na ɗauki likkafanin da kika roƙa, wanda na tsoma a ruwan Zamzam, da niyyar in ba wani ɗan garinmu idan mun tsaya a Ikko a hanyar dawowa.

Na ga ikon Allah, Inna. A wani wuri da ake kira Iguwasu kogi guda ke faɗowa daga kan dutse, ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa. A Bahiya kuwa, tsohon birnin da ake sauke bayi a da, wani tsoho baƙar fata ya ga carbina, ya riƙe mini hannu. Tafintanmu ya ce kakan tsohon Bahaushe ne, kuma Bisimilla kaɗai ta rage masa. Da na nuna masa ƙyallen, na faɗa masa abin da aka tsoma shi ciki, sai ya rungume shi yana kuka. Na kasa karɓewa.

Har yau ban sani ba, sadaka na yi ko amanarki na ci.

Da muka dawo Makka na sayi wani na tsoma, yana shanye a kan soro. Alhazan bana za su kawo miki. Don girman Allah, Inna, ki yafe mini, kuma ki daure ki jira shi.

Ɗanki,
Mailafiya