Littafin Yawon Buɗe Ido

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Talata

Zuwa ga Yayana Ladan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti A'i da yara. Yaya Kaduna, yaya ruwa, yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto in ba direban motar Kaduna ya kawo maka, domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Jiya da ka kira, kafin in ce uffan ka yanke hukunci ka kashe. To, takarda dai ba a katse ta, sai ka daure ka karanta har ƙasa.

Ka ji daga bakin Mahfuz, wan marigayi mijina, Abban Ni'ima, wai daga fita takaba idona ya buɗe, zan kwashi 'ya'yan ƙaninsa in tafi Abuja yawo. Ga yadda abin yake. Kafin ciwo ya kwantar da Abbansu, ya yi wa Ni'ima da Yasmin alkawarin zai kai su babban wurin wasan nan na Abuja, mai lilo iri-iri da jirgin ƙasa na yara. Allah bai nufa ba. Tun rasuwar, Yasmin ce kaɗai ke surutunta, ita ƙarama ce. Ni'ima kuwa ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki, in an yi mata magana ta ce to. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru. Abin yana ci mini rai, Yaya, har ba na son kallon fuskarta. Da aka ba da dogon hutu na ce ni zan kai su. Dorcas, wadda muka yi kwalejin horon malamai tare, tana aure a Kubwa can Abuja, ta ce mu sauka a wurinta.

Ban taɓa zuwa irin wurin ba, kuma ba na so in je ina zare ido da yara a hannu ina tambayar maza hanya. Shi ya sa muka je shagon Adaora da ke Wunti, inda nake sayen littattafan ajina, na ce ta ba ni littafin da ke nuna wa baƙo wurare. Ta fito da wani ƙato na Turanci mai sheƙi, duk hotunan wuraren wasan ƙasashen waje ne, yara cikin rigunan sanyi. Na ce ba can za mu ba. Ta ɗauko wani na Abuja, shi ma Turanci, babu komai ciki sai otal-otal da wuraren cin abincin manya. Can ƙasan kanta Ni'ima ta zaro wani ɗan siriri na Hausa, takardarsa kamar ta ƙunshin ƙosai, ga kurakuran ɗab'i. Adaora, da Hausarta da ba ta nuna ba, har kai take ce mini maimakon ke, ta dage wai wannan bai dace da malama ba.

Amma da na buɗe, shi ne ya faɗi inda masallaci yake a cikin wurin, da bayin mata, da lilon da ba a barin ƙaramin yaro ya hau, da ranakun da babu cunkoso, da inda za a fake in ruwa ya sauko. Har ya ce kada a wahala da dafa abinci, ba a shiga da shi. Ina cikin dubawa sai na ji Ni'ima tana karanta wa ƙanwarta shafin jirgin ƙasa da ƙarfi, a tsakiyar shago. Rabon da in ji muryarta haka har na manta. Ban ƙara kallon sauran ba.

Laifin littafin ɗaya ne, sunansa. A bangonsa an rubuta Jagoran Yawon Buɗe Ido da Iyali. Muna isa gida Yasmin ta ruga ɗakin Hajja, kakarsu, da murnarta, ta ce Umma za ta kai mu Abuja yawon buɗe ido. Ka san Hajja ba ta karatun boko. A wurinta macen da ta buɗe ido ita ce wadda ta bar gida ta shiga bariki. Ga yawo, ga buɗe ido, ga Abuja, ga ni ban daɗe da fita takabar ɗanta ba. Ta sa salati, ta aika a kira Mahfuz.

Shi ya yi makaranta, ya san abin da kalmar take nufi sarai, amma bai gyara wa uwarsa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce in na kuskura na sa ƙafa a mota, to in sani riƙon yaran ya fita daga hannuna, ɗakin Hajja za su koma.

Maganar ke nan. Tafiya kuma tana nan, ban fasa ba. Ka gaida Anti A'i, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Zakiyya

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Alhamis

Yaya Ladan,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kun wuni lafiya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na gode da kulawa, amma shawararka ba zan ɗauka ba.

Ka ce in mayar wa Adaora littafin in karɓo na Turanci, tunda shi ko an karanta wa Hajja ba za ta ji komai ba. Ka ce in shiga in ba ta haƙuri, in ce Yasmin ce ta yi shirme, ainihin tafiyar ta zumunci ce, Dorcas ba ta da lafiya za mu dubo ta. Na san da na faɗi haka, Hajja da kanta za ta ƙulla mini kuka da daddawa in kai. Haba Yaya. In ɗora wa baiwar Allah ciwon da ba ta da shi, in ƙaryata 'yata a gaban kakarta alhali gaskiya ta faɗa, sannan in koya wa su biyun abin da za su ce in an tambaye su?

Na zauna na yi tunani, tun da nake ban taɓa hawa mota ba sai don biki, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti. Haka Innarmu ta yi har ta koma ga Allah. Mace ba ta tafiya don kawai ta ga wuri, sai an nemo wa tafiyar wani suna. Shi kuwa Mahfuz duk bayan Sallah sai ya cika motarsa da iyalinsa sun tafi Yankari, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki su dawo da hotuna. Wannan shan iska sunansa. Nawa ne ya zama abin kiran taro.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Na shiga wurin Hajja na durƙusa, na ce mata ko a rediyo haka ake faɗa, masu zuwa kallon giwaye 'yan yawon buɗe ido ake ce musu. Ta ce waɗannan Turawa ne da maza. Na ce bari Ni'ima ta karanta mata abin da ke ciki. Ta juya fuska bango. Ban ji haushinta ba sosai, ɗanta ta rasa, kuma tana tsoron kada abin da ya bari ya watse. Haushin Mahfuz nake ji, da naka kaɗan.

Kada ka ɗauka ba na tsoro. Ina tsoron ranar da zan ga ɗakina babu yaran nan. Sai dai in na fasa yau saboda an yi mini barazana da su, gobe da su za a hana ni zuwa aiki, jibi da su za a zaɓa mini miji. Gara a yi ta yanzu.

Asabar da safe za mu tashi, ta Jos. Zan shiga in yi wa Hajja sallama, kuma da sunan tafiyar zan kira ta. Ka sa mu a addu'a ko kana fushi.

Taka,
Zakiyya

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutan gida. Mun dawo jiya da la'asar, lafiya ƙalau, sai gajiyar mota.

Ranar tafiya na shiga na ce wa Hajja za mu yawon buɗe ido, sai mun dawo. Ba ta ce a dawo lafiya ba. Wannan ya tsaya mini a rai har muka wuce Toro.

Littafin bai ba ni kunya ba, sai wuri ɗaya da ya ce akwai rumfa, muka tarar an rushe ta, ruwa ya yi mana dukan tsiya ni da Dorcas. Ni'ima ce ta riƙe shi tana gaba muna binta, ita ke cewa nan za a fara, can za a yi salla. Yasmin ta sha abin sanyi ta hau doki mai juyawa ta amayar da shi a kan takalmina. Daga ƙarshe suka ja ni wani ƙaton lilo mai kai mutum sama ya sako shi. A can sama na ji Ni'ima ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda take yi har da shaƙewa. Ni kuwa kuka nake, ban san ko na tsoro ne ko na daɗi ba.

Da muka shigo gida na tarar Mahfuz ya cika maganarsa. An kwashe katifar yaran da jakunkunan makarantarsu an kai ɗakin Hajja. Yana zaune a kan kujera a tsakar gida, matan gida kowa ta sami abin yi a bakin ƙofarta. Kafin in ajiye jaka Hajja ta kira yaran ciki. Ina jiyo ta tana tambayarsu inda muka kwana, da wa na yi magana, me na yi a can.

Yasmin ta ce Umma ba ta yi komai ba sai ihu. Ta ce tun da lilo ya tashi na runtse ido ina ta salati ina kiran Innata, ban buɗe ba har aka tsaya, sai da mai kula da wurin ya ce Hajiya an iso. Ni'ima ta karɓe, tana kwaikwayon muryata. Sai na ji wani sauti da na ɗauka tari ne. Ashe Hajja ce ke dariya. Ba ta daɗe ba ta koma kuka, ta ce Abbansu ma haka yake, yana yaro ko lilon igiya aka ɗora shi sai ya ƙanƙame ta.

Ban jira a yi mini izini ba. Ko mayafi ban cire ba na yi sallama na shiga, na naɗe katifar na ɗora a ka. Mahfuz ya taso ya tsaya daga waje yana ce wa Hajja ta yi magana mana, ta hana ni. Kafin in juyo, Hajja ta miƙe ƙafafu a bakin ƙofa inda take zaune, babu ta inda zan wuce sai na tsallake ta, kuma ka san ba zan tsallake ta ba. Na tsaya da katifa a ka. Ta dube ni, ta dubi yaran, ta share ido da bakin zane. Sai ta janye ƙafafunta.

Har yanzu ba ta yi mini maganar tafiyar ba. Da safe na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Mahfuz bai amsa ba sam, wannan kuma shi ta shafa. Na ji ka ce za ka zo ƙarshen mako ka ba su haƙuri a madadina. In don wannan ne, yi zamanka ka huta da ƙafarka, ban yi abin ba da haƙuri ba. In kuwa don ka ga 'ya'yanka ne, bismilla, suna ɗakina.

Su Ni'ima suna gaishe ka, suna gaida Anti A'i. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka har kullum,
Zakiyya