Ni Na Ciri Furannin, Wata Aka Zarga

Zuwa ga Goggo Sumie,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'ar makon gobe. Kwana goma sha ɗaya ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma komai ya fara ne ranar Asabar ɗin da aka buɗe sabon shagon maigidana.

Shekaruna ashirin da huɗu, aurenmu bai cika shekara biyu ba. Maigidana, bari in kira shi Hayato duk da ba sunansa ba ne, shekara bakwai yana aiki da wani kamfanin kayan sawa na matasa, masu yin riguna masu hula da wanduna masu faɗi da takalman kambas. Daga ninke riguna a ɗakin ajiya ya fara, can Tokyo. Bana kamfanin ya buɗe rassa uku a arewa, aka ba shi na nan Morioka, karo na farko da ya zama manaja. Shagon yana cikin layin kasuwa mai rufi, tsakanin mai sayar da ganyen shayi da wata tsohuwa, Iya Onodera, wadda ta shekara arba'in tana sayar da safa da rigunan sanyi na tsofaffi. Lokacin da ake gyaran shagon ta yi ƙorafi sau biyu, ɗaya kan ƙura, ɗaya kan kiɗan da suka gwada.

Ni 'yar Nagoya ce. A garinmu, idan an buɗe shago aka jera furannin taya murna a ƙofa, masu wucewa ne ke cire su su kai gida. Ba sata ba ce. In furanni suka ƙare da wuri, an yi maraba da shagon ke nan, in kuwa suka wuni a ƙofa ba wanda ya taɓa, har tausayin mai shi ake ji. Tun ina ƙarama nake ganin mahaifiyata tana dawowa da su a rungume, tana murna kamar ita ta buɗe shagon. Ban taɓa kawo wa raina cewa a wani gari ba haka ake yi ba.

Sai kuma laifin littattafai. Goggo, ni mai karanta 'yan ƙananan littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake saya a tashar jirgin ƙasa a gama kafin a sauka. Da muka taso daga Tokyo, kwalayen littattafaina sun fi na tukwane yawa. A cikinsu mace takan yi wa mijinta alheri a ɓoye, sai bayan shekaru ya gano, ya riƙe hannunta ya kasa magana. Abin da na so ke nan. Hayato ya roƙe ni kada in zo buɗewar, wai ma'aikatansa za su yi ta tsokanarsa. Sai na ce a raina zan je da sassafe, in zama ta farko da za ta ciri furen sa'a, in busar da guda ɗaya a cikin littafi, ranar da shagon ya cika shekara goma in nuna masa. Har rigar da zan sa ranar na zaɓa a zuciyata.

Na isa ƙarfe takwas da rabi. An kawo furannin an jera, ma'aikata duk suna ciki, ƙofar ƙarfe a sauke rabi. Kwando tara ne a kan dogayen ƙafafu, kowanne da allo mai sunan wanda ya aiko. Na zaɓi mafi girma, wanda mai kamfanin ya aiko da kansa, don a tunanina a nan sa'ar ta fi yawa. Na yi ta zarar farar lili da jan wardi har tsakiyar kwandon ta yi rami. Da na juya, sai ga Iya Onodera da tsintsiya a ƙofar shagonta tana kallona. Na sunkuya na gaishe ta da fara'ata, furanni a ƙirji. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ita ma ta sunkuya. Na tafi gida ina 'yar waƙata.

Da yamma Hayato ya dawo fuska ba annuri. Ya ce ciniki ya yi kyau, layin matasa masu jiran shiga ya wuce shagon mai shayi, amma an kunyata shi. Babban jami'i ya zo daga Tokyo a jirgin farko don a ɗauki hoto a gaban furannin mai kamfani. Suna fitowa suka tarar da kwandon a yamutse, ga tsohuwar nan a kan 'yar kujera tana jan furanni, biyu a hannunta. Sau uku ya sunkuya yana ba jami'in haƙuri a gaban ma'aikatansa. Da aka tambaye ta, cewa ta yi gyarawa take yi, ba ta ƙara ko kalma ba. Kyamarar ƙofa kuwa sai ƙarfe tara aka kunna ta. "Shekara saba'in da wani abu," in ji shi, "amma hassada kamar ta 'yan firamare."

Goggo, yana wannan magana furannin suna cikin bokiti a bayan labulen ɗakin wanki. Nan take na gane ramin da na bari take ƙoƙarin rufewa. Na zuba masa shinkafa da miya na yi shiru. Na ce a raina zan faɗa idan ya gama ci, sai na ce gobe, sai na ce idan ya huce. Bai huce ba, ni kuma bakina kullum sai ƙara nauyi yake.

Yanzu ma'aikatansa suna kiranta Kaka Mai Dogon Hannu, sun daina gaishe ta. Matar mai shayi ta ce mini labarin ya zagaye layi. Jami'in ya ce a rubuta wa ƙungiyar 'yan kasuwar layin takardar ƙorafi da sunanta, Hayato zai miƙa a taronsu na Juma'a. Ita kuwa shekara ashirin tana cikin kwamitin ƙungiyar, an ce in takardar ta shiga, dole ta sauka daga kujerarta.

Shekaranjiya na bi ta bayan layi don kada in haɗu da ita, sai ga ta tana fitar da shara. Ta dube ni ta ce, "Amarya, lili tana son a riƙa datse mata ƙasa ana canza ruwa, ta fi daɗewa." Ta koma ciki. Na tsaya a wurin har mai keke ya yi mini ƙararrawa.

Ina jin tsoro. Hayato yakan ce gida ne kaɗai inda yake sauke numfashi. Idan ya ji ni ce, kuma na bar shi kwana da kwanaki yana zagin wadda ba ta ji ba ta gani ba, da wane ido zai dube ni? Idan ma'aikata suka ji matar manaja ce, ina zai sa fuskarsa? Littafin da na matse furen a ciki ban iya buɗe shi ba, kuma tun ranar ban karanta ko shafi ɗaya ba.

Ga abin da na yanke. Zan je wurin Iya Onodera da alewa in nemi gafararta, in roƙe ta ta ci gaba da rufa mini asiri, takardar kuma in san yadda zan lallashi Hayato ya yaga ta. Shi ba zan faɗa masa ba.

Amarya mai furanni a bayan labule, Morioka

*

'Yata,

Ki fara da sauke rabin kayan da kika ɗora wa kanki. Al'adar garinku gaskiya ce, ƙanwata tana aure a can, na ga mata suna tsoma hannu a kwandon furanni mai shago yana yi musu godiya. Abin da kika yi da safiyar Asabar kuskure ne na baƙuwa mai kyakkyawar niyya. Laifin ya fara ne da yamma, lokacin da kika zuba shinkafa kika yi shiru, kuma kullum ƙaruwa yake.

Tsoronki yana da dalili. Maigidanki ya sha wuya kafin ya kai wannan matsayi, zai ji kunya, zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu ba ya yawan magana. Shi ma yana da nasa: ya yanke wa dattijuwa hukunci saboda ta taɓa ƙorafin ƙura, kuma ya bar ma'aikatansa suna yi mata suna. Amma ba zai iya gyara abin da bai sani ba.

Shawarar da kika yanke ban goyi bayanta ba. Matar nan ta riga ta ɗauki laifinki sau ɗaya ba ki roƙe ta ba. Yanzu za ki je da alewa ki ce ta ɗauka har abada? Ko an yaga takardar, sunan da aka laƙaba mata yana nan a bakin layi. Kuma ba ban-haƙurinki take jira ba, 'yata. Maganar lili da ta yi miki, gaya miki take yi ta sani, tana ba ki lokaci.

Yau ɗin nan, idan ya dawo, kada ki jira ya ci abinci. Ki ɗauko bokitin, ko da furannin sun yanƙwane, ki ɗauko littafin, ki ajiye a gabansa. Ki faɗa a taƙaice: ni ce, ga dalili, na ji tsoro na yi shiru. Kada ki tsara magana kamar ta littafi, kuma kada ki jira ya riƙe hannunki. Ki bar shi ya yi fushinsa.

Sauran aikin nasa ne, kina gefensa. Ya kira jami'in ya janye ƙorafin. Kamfanin da ke buɗe shaguna gari gari ba zai rasa wanda ya san al'adar Nagoya ba. Ya tara ma'aikatansa ya faɗa musu da bakinsa, sunan nan kuma kada ya sake jin sa. Sannan ku je wurin Iya ku biyu, da rana, ta ƙofar gaba, inda matar mai shayi za ta gan ku. Alewar ta zama ta garinku. Ranar Juma'a ya je taron hannu wofi, ya miƙe ya wanke ta. Za a yi muku dariya mako guda, amma tsofaffin 'yan kasuwa ba sa mantawa da matashin manajan da ya sunkuya ya ce ya yi kuskure.

Littattafanki kuwa, kada ki daina karantawa. Kin so ki zama macen da ta yi alheri a ɓoye ba ta nemi a sani ba. Akwai irin wannan mace a labarinki, sai dai safa take sayarwa. Sanyin Morioka yana tafe, ke kuma ba ki san shi ba, ki sayi taki safar a wurinta.

Ina yi miki fatan ƙarfin zuciya, da zaman lafiya a gidanki da layinku.

Goggo Sumie