Gadon Da Ba Ni Na Gyara Ba

Alhamis, 13 ga Maris
Auta ta dage. Kwana biyu a babban otal a birni, ni da ita, wai kyautarta ce tunda ta samu aiki. Ni da na shekara ashirin da shida ina gyaran ɗakunan baƙi a ƙaramin masauki, ni za a kai wata ta gyara min gado? Na ce ɓarna ce. Ta ce, "Inna, komai na kawo sai ki ƙi. Aikin ma kin ƙi ragewa, ga ciwon baya. Wannan ɗaya dai ki karɓa." Idonta ya kawo ruwa. Na haɗa kaya.

Jumma'a, 14 ga Maris
Hawa na tara. Motoci a ƙasa kamar tururuwa. A bakin ƙofa wani dattijo mai farar safar hannu ya kama jakata, muka yi ta ja-in-ja sai da Auta ta zungure ni. Tawul shida, mu biyu! Na shafa saman ƙofa da yatsa, ba ƙura. Ina leƙa ƙarƙashin gado ta ce, "Inna, ba dubagari aka turo ki ba fa."

Asabar, 15 ga Maris
Na yi abin kunya.
Da safe Auta ta sauka wajen ninƙaya, hannuna ya hana ni zama. Na gyara gadajen, na wanke banɗaki, na ninke tawul gida uku yadda muke yi. Sannan muka fita. An kai mu yawo a mota mai sanyi, daga nan a wurin tausa wata ta matsa min baya da mai mai ƙamshi har na yi gyangyaɗi.
Da muka dawo, ga shugaban masu gyara a ƙofarmu da takarda a hannu, yana yi wa wata mata faɗa. Sa'ata ce, har da furfura. Ashe ta buɗe ɗakin ta ga tsaf, ta zaci abokiyar aikinta ce ta yi, ta wuce. Shi kuma ya zo dubawa: ba a canza sabulu ba, ninkin tawul ba irin nasu ba. Na san wannan tsayuwar, kai a sunkuye, hannu a baya. Na ce ni ce na yi. Ya yi min murmushi, "Ba komai, Hajiya," ita kuma ya harare ta.
Wajen cin abinci Auta ba ta ci na kirki ba. Can ta ce, "Ashe ko kwana biyu ba zan iya ba ki ba."
Ya yi min ciwo. Gaskiya ta faɗa.

Lahadi, 16 ga Maris
Matar jiya ta ƙwanƙwasa da kekenta na kayan gyara. Na fara ba ta haƙuri, ta yi dariya. "'Yar'uwa, daga kusurwar zanin gadon na gane ke tamu ce. Yau dai ki bar min, don Allah."
Na zauna a kujerar bakin taga, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Ta iya aiki, ta fi ni sauri ma. Auta ta miƙo min shayi, dole na saki hannu ɗaya. Na shanye shi da zafinsa, a zaune. Na manta rabona da haka.

Litinin, 17 ga Maris
Gida. Aiki. Ɗaki goma sha ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris
Na ce wa manaja a cire ni daga aikin Asabar. Saboda ciwon bayan nan ne kawai, ba wani abu ba.
Auta ta biyo da yamma, ta tarar da gadona yadda na tashi na bar shi. Ta ja zanin ta fara gyarawa. Na buɗe baki, na rufe. Yarinyar nan ba ta iya kusurwa ba sam, ta hagu duk ta karkace.
Ban taɓa ba. Gobe kuma mu ga yadda za a yi.