Na Kasa Cewa Budurwa Ce, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa da ladabi daga ɗanki Bulus, da ke zaune a Agege. Tun rasuwarki ban taɓa rubuta miki ba. Yau dole ce ta sa.

Kin tuna yadda kike jera mu a bakin murhu muna haddace Shaidar Bangaskiya? Ba ki iya karatu ba, amma in mun iso inda ake cewa Budurwa Maryamu ce ta haifi Yesu, sai ki ɗaga muciya ki ce, "A nan kada wani ya haɗiye murya."

Ke kika tura ni makarantar horar da fastoci. A can na karanta littattafan masu shakka don in iya ba su amsa, sai suka ci ni. Na ajiye aikin, na zo Legas, na ƙare a gadin ƙofar wani kamfani. Duk da haka ban daina zuwa sujadar Hausa ba. Dabarata ɗaya ce: in jama'a sun iso layin nan na Budurwa Maryamu, sai in motsa leɓe ba murya. Cikin taro wa zai ji shirun mutum ɗaya? Har dattijon ikilisiya suka naɗa ni.

Watan jiya 'yata Rifkatu ta haihu, ta sa wa yarinyar sunanki, ta ce ni zan tsaya uban baftisma. Kin san yadda ake yi. Fasto zai dube ka ya tambaye ka layi-layi, ka amsa a madadin jaririyar. Ba taron da za ka ɓuya a ciki.

Na kai kukana wurin maƙwabcina Malam Garba, mahauci a kwata, don na zaci Musulmi zai goyi bayana. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Haba Oga Bulus, kai da karatunka! Mu da ba mu ce ɗan Allah ne ba, mun san ba namijin da ya taɓa Nana Maryamu. Wanda ya yi Adamu ba uwa ba uba, wannan ne zai gagare shi?" Ya yi dariya ya ci gaba da datsa ƙashi. Na tafi gida ina jin haushinsa, don abin da na rasa shi ko wahala bai ba shi ba.

Sai na faɗa wa Rifkatu gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara goyonta ta ce, "Baba, in Yesu ɗan Yusufu mijin Maryamu ne, ai mutum ne irinmu. Wa zai cece mu ke nan? Me kuma ka yi ta koya mana?"

Ranar Lahadi wani dattijo ya tsaya a madadina. Na zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ƙarar motocin danfo na shigowa ta taga. Na ji ya amsa da ƙarfi, na ji kukan takwararki da ruwa ya taɓa goshinta. Da aka tashi, Rifkatu ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da baƙo. Ba ta miƙo mini yarinyar ba.

Mama, tambayarta ce ta hana ni sakat. In ba daga sama Yesu ya zo ba, to wa ya karɓe ki ranar da muka rufe ki? Ni da na ce karatu ya buɗe mini ido, ga ni ina rubuta wa wadda ban san ko tana wani wuri ba. Kuma ina so ƙwarai a ce kina nan.

Allah ya sa ke ce mai gaskiya, ni ne wawa. Ya ba ki hutawa, ya raya ƙaramar Saratu a kan bangaskiyarki. Ni kuma, in da sauran lokaci, ya buɗe mini baki.

Ɗanki,
Bulus