Kwana Tara da Bakin Inna

Zuwa ga Shugaban Sashen Masu Ciwon Daji na asibitin da ake duba mahaifiyata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ranka ya daɗe, ni ba mai magana ba ce, ko a lakwal, wato makaranta, ba na ɗaga hannu. Shi ya sa na rubuto.

Mu mutanen Jiratawa ne, muna sauka wajen gwaggona a Sabon Garin Maraɗi saboda jinyar Inna. Ga kukana:

1. Ranar da aka fara ƙara mata ruwan maganin daji, an faɗa mana gashi zai zube, za ta yi amai. Ba wanda ya ambaci baki. Bayan sati guda sai ga gyambo a harshe da dasashi, ko yawu ba ta iya haɗiyewa.

2. Da ba mu sani ba, sai muka yi abin da ake wa mara lafiya a gidajenmu. Gwaggo ta dama kunun tsamiya mai zafi, ta yi farfesu da yaji don ya buɗe mata baki. Ni da hannuna na matsa mata lemun tsami a kan gyambon. A littattafan soyayyar da nake karantawa, mara lafiya kwanciya kawai take ana mata fifita, ban taɓa ganin wadda shan ruwa kawai ya sa ta hawaye ba. Kwana tara Inna ba ta ci abin kirki ba, har ta rantse ba za ta koma zagaye na biyu na maganin ba.

3. Nawa laifin: sau biyu na tsaya gaban likita da tambaya a bakina, kunya ta mayar da ita.

Wata ma'aikaciyarku ƴar Tibiri ce ta lura ina share hawaye a baranda. Ta zauna ta yi mini bayani da Hausa: a bar tsami da yaji da abu mai zafi, a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ajiye asuwaki a nemo buroshi mai laushi, abinci mai taushi kaɗan-kaɗan, in zazzaɓi ya zo a taho nan take. Ta kai mu wajen likita ya duba ya rubuta magani. Duk bayanin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Roƙona shi ne a riƙa faɗin wannan tun ranar farko, da Hausa, ga mai jinya ma. In da hali a naɗe shi a murya a tura wayoyinmu, don ba kowa ke karatu ba, kuma ba kowa zai yi kuka a inda za a gan shi ba.

Inna ta koma zagaye na biyu ranar Talata. Jiya ta cinye kwanon fate, har ta yi ƙorafin ba gishiri.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙuri da mu.

Wassalam.

Taku,
Nana Hauwa