Makirfo Biyu da Gangunan Coci

Alhamis da dare, Ikara

Yau na gwada makirfo biyun nan masu araha da na sayo a Zariya. Na rataya ɗaya a saman gangunan coci, ɗayan na ajiye a bakin babbar ganga, na cusa mata matashi don ta rage amo. Sau shida ina matsar da su kafin sautin ya fito tas. Har na juya zan ce, "Yaya Bulus, ka ji?" Na manta wata uku ke nan da binne shi.

Na kunna wa Mama a waya. Ta ce, "Hannunka ya fara kama da nasa." Sai ta shige ɗaki, ta ja ƙofa. Ni kaɗai na ci tuwo.